Babi na Biyar: Makarantar da Ba Ta Sallami Ɗalibanta Ba

Ranar 13 ga Janairun 2020 hukumomin lafiya na ƙasar Tailan suka tabbatar da cewa wata matafiya da ta sauka Bankok daga birnin Wuhan tana ɗauke da sabuwar cutar nan da duniya ta zo ta sani da korona. Ita ce ta farko da aka tabbatar da cutar a jikinta a wajen ƙasar Sin. Kafin watan Maris ya ƙare an rufe makarantu, an kafa dokar ta-ɓaci ranar 26 ga watan, sannan daga 3 ga Afrilu aka hana fita daga ƙarfe goma na dare zuwa huɗu na asuba. Bikin Songkran na sabuwar shekararsu, wanda ake wasan watsa ruwa a tituna tsakiyar Afrilu, an ɗage shi. Komawa makaranta, da aka saba yi a tsakiyar Mayu, aka mayar da ita 1 ga Yuli.

Ga makarantar je-ka-ka-dawo, rufewa ba wani aiki ba ne. A sa kwaɗo a ƙofa, kowane yaro ya koma gaban iyayensa. Amma Tailan tana da wata irin makaranta da wannan dabara ba ta dace da ita ba. Cikin mutum goma na ƙasar, fiye da tara mabiya addinin Buda ne; Musulmi sun fi yawa a lardunan kudu, irin su Pattani da Yala da Narathiwat. Gidajen ibadar mabiya Buda, waɗanda suke kira wat, sun haura 40,000, kuma wat ba ɗakin bauta kaɗai ba ne. Fili ne mai katanga, da ɗakunan kwana, da zauren karatu, galibi har da wurin ƙona gawa, kuma a ciki malaman addinin masu mayafi ruwan goro suke zaune, ba aure, ba sana'ar neman kuɗi. A ƙarƙashinsu akwai yara maza da aka aske wa kai aka ɗaura musu irin wannan mayafi. Su ake kira samanera. Yaro ba ya zama cikakken malami sai ya cika shekara 20, kuma da yawansu suna ajiye mayafin kafin lokacin ko bayansa su koma rayuwar gari, ba wanda zai ga laifinsu.

Wasu yaran na ɗan lokaci ne, mako biyu ko wata guda a hutun zafi, don neman lada ga iyaye. Waɗanda wannan babi ya damu da su kuwa su ne masu zaman shekaru, kuma mafi yawansu 'ya'yan talakawa ne: 'ya'yan manoman shinkafa daga arewa maso gabas, yankin da ake kira Isan, da na arewa, da na ƙabilun kan duwatsu. Uba yakan kai ɗansa wat ne saboda a can akwai abinci da makwanci da karatu kyauta. Abin ya samo asali tun da daɗewa. Kafin Sarki Chulalongkorn, wanda ya yi mulki daga 1868 zuwa 1910, ya fara kafa makarantun zamani, a wat ɗa namiji yake koyon karatu da rubutu. Ko bayan dokar tilasta karatun firamare ta 1921, makarantun gwamnati da dama a filin wat aka gina su, kuma har yau suna ɗauke da sunansa.

Ɗaya daga cikin shahararrun irin waɗannan makarantu ita ce ta Wat Molilokayaram, a ɓangaren Thonburi na Bankok, yamma da kogin Chao Phraya, kusa da tsohuwar fadar Sarki Taksin. Ta yi suna wajen koyar da Pali, tsohon harshen da littattafan reshen addinin Buda da ake bi a Tailan suke cikinsa. Jarrabawar Pali a Tailan tana da matakai har zuwa na tara, kuma yaron da ya ci mataki na tara yana samanera, fadar sarki ce take ɗaukar nauyin bikin zamansa cikakken malami. Ga ɗan manomi daga Isan, wannan ba ƙaramar daraja ba ce. A watan Afrilun 2020, lokacin da azuzuwan ƙasar suke a kulle, hotuna suka fito daga wannan makaranta suka zaga duniya: yara a zaune kowa da ɗan teburinsa, an ba da tazara tsakaninsu, kowa da takunkumi, da faifan roba mai kare fuska a kansa, wasu takunkuman ma kalarsu ɗaya da mayafin. Suna karatu.

Dalilin da ya sa ba a sallame su ba a fili yake. Makarantar ita ce gidansu. Tafiya tsakanin larduna ta yi wuya, kuma ƙasar ta riga ta ga abin da ya faru a ƙarshen Maris, sa'ad da aka rufe kasuwanni da manyan shaguna a Bankok, ma'aikata suka yi cincirindo a tashoshin mota za su koma ƙauyukansu, hukuma tana fargabar su kai cutar inda ba ta je ba. A ƙauyukan Isan sau da yawa kakanni ne suke riƙe da gida, domin iyaye sun tafi birni ci-rani. Tura yaro daga Bankok zuwa ɗakin kakarsa a wannan lokaci zai iya zama ajalinta. Saboda haka nauyin ya tsaya a wuyan shugaban wat: ya ciyar da su, ya kare su, ya kuma san abin da zai cika musu yini da shi.

A nan ne ya kamata mu dubi abin da ake kira tarbiyya a irin wannan wuri, domin ba darasi ba ce mai awa guda a jadawalin mako. Mabiyin Buda na gari yana ɗaukar alkawari biyar: ba zai kashe mai rai ba, ba zai ɗauki abin da ba a ba shi ba, ba zai yi lalata ba, ba zai yi ƙarya ba, ba zai sha abin maye ba. Samanera goma yake ɗauka. Bayan waɗancan, ba ya cin abinci daga tsakar rana har wayewar gari, ba ya zuwa kallon rawa da kiɗa, ba ya ado da turare, ba ya kwana kan gado mai tsawo da laushi, ba ya karɓar zinariya ko azurfa, wato kuɗi. Cikakken malami kuwa dokokinsa 227 ne. Yaro yana haddace waɗannan da Pali, amma haddar ita ce mafi sauƙi. Abin da ke shiga jikinsa shi ne yinin da kansa. Ƙararrawa tana tashinsa kafin gari ya waye. Ya yi karatun safe tare da kowa, ya fita karɓar abinci, ya dawo a ci, ya ɗauki tsintsiya ya share fili, ya shiga aji, ya ci na ƙarshe kafin sha biyu, ya koma aji, ya wanke mayafinsa da hannunsa, da yamma a sake haɗuwa a yi karatu da zaman natsuwa. Wajen zama da wajen tafiya, malamai suna jeruwa ne bisa wanda ya riga shiga, ba bisa arzikin gidan da mutum ya fito ba. Kafin ya kai loma baki, akwai kalmomin da yake karantawa don tuna wa kansa cewa wannan abinci na riƙe jiki ne don a iya aikin da ake yi, ba na shagali ba. Yaron da ya shekara biyar a haka ya koyi haƙuri da yunwa, da jiran layi, da kula da kayan da ba nasa shi kaɗai ba, ko da ba a taɓa rubuta masa waɗannan a allo ba.

Wani abin lura shi ne, zaman kulle ba baƙo ba ne a wurinsu. Kowace shekara, daga wajen watan Yuli, malamai suna yin wata uku na damina a wat guda, ba sa kwana a wani wuri sai da uzuri. Gaisuwar ƙasar ma ba ta musafaha ba ce. Haɗa tafuka ake yi a ƙirji a sunkuyar da kai. Don haka dokokin annoba da dama sun tarar da su a shirye.

Inda annobar ta taɓa su sosai shi ne kwanon abinci. A al'ada, da sassafe malamai da yara suna fita a jere, ba takalmi, kowa da kwanonsa mai murfi. Ba sa roƙo, ba sa kiran kowa. Masu gida ne suke jira a bakin ƙofa da dafaffiyar shinkafa da miya a ƙulle, su zuba, su durƙusa a yi musu addu'a. A fahimtarsu mai bayarwa shi ne ya ci riba, domin shi ya sami lada, shi ya sa mai karɓa ba ya cewa na gode. Wannan fitar ta safe ita ce igiyar da ta ɗaure wat da unguwa. Ta nan tsohuwa take ganin yaron da ya rame ta ƙara masa, ta nan malami yake gane gidan da aka kwana biyu ba a buɗe ƙofa ba. Da korona ta zo, wasu suka ci gaba da fita da takunkumi da faifan fuska, wasu suka rage, wasu suka daina, aka koma kawo abinci bakin wat ko dafawa a ciki. Ga shi kuma masu bayarwar su ma ruwa ya ƙare musu. Tailan ta dogara ƙwarai da masu yawon buɗe ido, waɗanda suka kusa miliyan 40 a 2019, kuma da aka rufe iyakoki, direban tasi da mai sayar da abinci a titi da ma'aikaciyar otal duk suka zauna hannu rabbana.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalina a duk wannan tarihi. A watan Maris na 2020, babban jagoran malaman Buda na ƙasar, wanda mazauninsa yake Wat Ratchabophit, ya umarci duk wat mai hali ya buɗe wurin ciyar da jama'a. Sai abinci ya juya hanya. Gidan da ya saba ci daga hannun unguwa ya koma dafa wa unguwa. Shinkafa da man girki da taliyar leda da mutane suka tara a wat don neman lada, aka fito da su ana rabawa ga waɗanda suka rasa aiki. A Wat Chak Daeng, kudu da Bankok, inda dama ake sarrafa robobin ruwa a mayar da su yadin mayafi, aka juya aikin zuwa ɗinkin takunkumi. A watan Mayu kuma ƙananan kabad suka bazu a bakin tituna, mai hali ya ajiye, mabuƙaci ya ɗauka, ba mai tsaro. Ka ɗauki yaro ɗan shekara goma sha uku da aka karantar da shi cewa kyauta ita ce farkon kyawawan ayyuka, amma duk rayuwarsa a wat shi ne mai miƙa kwano. Yanzu ga shi yana ganin layin mutane a ƙofar gidansu, cikinsu har da waɗanda suka saba zuba masa. Ban san wani darasin aji da zai koya masa cewa ciyarwa bashi ce da ke zagayawa tsakanin mutane kamar yadda wannan gani zai koya masa ba.

Malaman wat ba su bar addu'a ba. A ƙarshen Maris aka watsa wa ƙasa baki ɗaya karatun Ratana Sutta ta talabijin, wani nassi da suka ce Buda ya koyar lokacin da yunwa da annoba suka afka wa birnin Vesali, a jihar Bihar ta Indiya a yau. Amma an yi karatun ne malamai na zaune da tazara, kuma taruka da dama na addini, har da bukukuwan shigar da yara samanera na hutun zafi, an dakatar da su a wannan shekara. Addu'a da bin dokar likita ba su yi karo ba.

Shekarar 2020 ta zo wa Tailan da sauƙi. Masu sa kai na kiwon lafiya a ƙauyuka, su fiye da miliyan ɗaya, sun bi gida-gida, an yi sama da kwana 100 ba a sami wanda ya kamu a cikin ƙasa ba, kuma waɗanda suka mutu a duk shekarar ba su kai 100 ba. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A 2021 nau'in Delta ya shigo, a watan Agusta masu kamuwa suka wuce 20,000 a rana, akwai ranar da mamata suka haura 300, gadajen asibitin Bankok suka cika, mutane suna mutuwa a gida. Kafin shekarar ta fita, mamatan sun wuce 21,000. Cutar ta shiga wat-wat ma, ta kama malamai da yara, domin wurin da ake kwana ɗaki ɗaya ana ci tare, idan ta sami ƙofa ba ta da wuyar yaɗuwa.

A littattafan dokokinsu akwai labarin da kowane samanera yake ji. Wani malami ya kamu da ciwon ciki mai tsanani, yana kwance cikin ƙazantarsa, 'yan uwansa sun ƙyale shi saboda ba ya amfana musu komai. Buda yana zagaya ɗakuna tare da hadiminsa Ananda ya tarar da shi. Ya sa aka ɗebo ruwa, su biyu suka wanke shi suka ɗora shi kan gado. Sannan ya tara sauran ya tuna musu cewa sun baro uwa sun baro uba, idan ba su yi jinyar juna ba babu mai yi musu, kuma jinyar mara lafiya daidai take da yi masa hidima shi kansa. A 2021 wannan labari ya sauko daga littafi. A Wat Sutthiwararam da ke kan titin Charoen Krung, malamai suka ɗora rigar kariya a kan mayafi suka shiga lungunan talakawa da tukwanen iskar oksijin da abinci da kayan gwaji. Wat Saphan, kusa da unguwar Khlong Toei mai cunkoso, ya zama wurin killace masu cutar. Wasu wat ɗin suka riƙa ƙona gawarwakin korona kyauta, dare da rana, a lokacin da dangi ma ba sa iya kusantar mamacinsu. Wannan aikin manya ne, ba na yara ba. Amma yaro yana gida ɗaya da mai yin aikin, yana ganin fitarsa da dawowarsa a gajiye, kuma ya san mutumin nan ne zai zauna gabansa gobe ya karantar da shi babin tausayi. Malamin da aka ga aikinsa, maganarsa tana da nauyi.

Kwatanta wannan da halin da sauran ɗaliban ƙasar suka shiga. A watan Mayun 2020 gwamnati ta fara gwajin karatu daga nesa ta talabijin da intanet, kuma tun ranar farko koke ya yi yawa: gidan da ba waya mai kyau, gidan da ba kuɗin data, gidan da kaka ce kaɗai ba ta san yadda za ta kama tashar ba. Lissafi da Turanci, da wahala da komai, ana iya tura su ta waya. Jiran babba ya fara ci, da share wurin da ba kai ka ɓata ba, da kai wa abokin ɗakinka ruwa yana zazzaɓi, waɗannan sai a cikin mutane. Makarantar wat ba ta fi sauran kayan aiki ba, sau da yawa ma ta fi su talauci. Abin da take da shi shi ne zama tare, kuma ta riƙe shi a lokacin da kowa ya rasa.

Ba zan yi wa tsarin kwalliyar da ba tasa ba. Ƙofarsa a buɗe take ga ɗa namiji kawai. Hukumar malaman Tailan ba ta amince da shigar mata wannan matsayi ba, don haka ƙanwar samanera ba ta da irin wannan tsani na fita daga talauci. Yaro ƙarami nesa da uwarsa, a hannun manyan da ba a saba yi wa tambaya ba, yana cikin haɗari, kuma jaridun ƙasar sun sha ba da labarin duka da cin zarafi a wasu wuraren. Makarantun da suke haɗa karatun addini da na boko sun daɗe suna kukan ƙarancin kuɗi da na malamai, abin da ya sa aka yi dokar 2019 kan ilimin makarantun addinin Buda don gwamnati ta shigo da tallafi bisa ƙa'ida. Sannan akwai tambayar da ba ta da daɗin ji: yaron da talauci ya kai shi, nawa ne zaɓinsa a cikin alkawari goman nan? Duk da haka, da annoba ta zo, an san sunan wanda ke da alhakin kowane yaro, kuma unguwa ta ɗauki cikinsa a matsayin nauyinta.

Mai karatu Bahaushe ya daɗe da gane inda zancen ya dosa. Aƙidarmu da tasu hanya daban-daban ce, ba kuma ina neman haɗa su ba ne. Amma yaro ɗan talaka da aka kai wa malami a wani gari, yana haddar littafi da harshen da ba nasa ba, yana fita da kwano da safe, mun san shi, yana ƙofar gidanmu. A watan Afrilun 2020, watan da aka ɗauki hotunan Wat Molilokayaram, gwamnonin jihohin arewacin Nijeriya suka amince a mayar da almajirai jihohinsu na asali. Aka loda yara a motoci ana tsallaka iyakokin jihohi da su a tsakiyar kulle, kuma a Kaduna da wasu jihohin gwaji ya nuna da dama daga cikin waɗanda aka sauke suna ɗauke da cutar. Mu ne kuwa muke da koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ta hana shiga garin da annoba ta ɓulla, ta kuma hana wanda ke ciki fita. Mu ne muke ba da labarin yadda Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba. Ilimin yana hannunmu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai ce yaran nan nawa ne, a nan za su zauna, ni zan ciyar da su. Akwai alarammomin da suka riƙe nasu ɗaliban cikin wahala, da maƙwabtan da suka taimaka musu, Allah ya saka musu da alheri, amma tsari bai tsaya musu ba.

A 2023 an kafa hukumar tarayya mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Aikinta daban, namu daban. Idan akwai tsangaya a unguwarku, ku je ku gaida malam, ku tambaye shi yawan yaransa da garuruwansu, da inda suke kwana, da wanda ke kai su asibiti. Ku zauna da mai unguwa da limami ku rubuta gidajen da za su ɗauki abincin yara nawa idan aka wayi gari an sake rufe tituna, tun yanzu da hanya take a buɗe.